Littafi 177 da tambaya guda: rikicin shigar da adabi manhajar Indonesiya

Ranar 20 ga Mayun 2024, ma'aikatar ilimi ta Indonesiya, a ƙarƙashin minista Nadiem Makarim, ta ƙaddamar da wani shiri mai suna Sastra Masuk Kurikulum, ma'ana adabi ya shiga manhaja. An fitar da jerin littattafai 177 da aka ce malamai za su iya amfani da su a aji: 43 na firamare, 29 na ƙaramar sakandare, 105 na babbar sakandare. Akwai ƙagaggun labarai, akwai gajerun labarai, akwai waƙoƙi, duk na marubutan ƙasar. Aka haɗa jerin da wani ƙaton littafin jagora mai shafi sama da 700, wanda zai bayyana wa malami abin da ke cikin kowane littafi da yadda zai koyar da shi. Ko mako biyu ba a cika ba ma'aikatar ta janye jagoran daga shafinta na intanet, ta ce za ta gyara.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka kuskuren ma'aikata ne kawai, irin wanda ake yi a kowace ƙasa. Akwai wannan. Amma a ƙarƙashinsa akwai wata tsohuwar gardama da Indonesiya ta shafe fiye da shekara ɗari ba ta raba ba: me ake so labari ya yi wa yaro a makaranta? Ya ladabtar da shi, ko ya buɗe masa ido? Gwamnatoci sun daɗe suna cewa duka biyun, suna kuma tsara littafin aji kamar na farkon kaɗai ake nufi.

Tushen abin

Indonesiya ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000 da harsuna sama da 700. Harshen da ake kira Bahasa Indonesia ba shi ne harshen gidan yawancin yara ba. Wani reshe ne na Malay da matasa masu kishin ƙasa suka ɗauka a matsayin harshen haɗin kai a rantsuwarsu ta 28 ga Oktoban 1928, shekara 17 kafin shelar 'yancin kai. Saboda haka darasin harshen Indonesiya ya fi ƙarfin nahawu da insha'i. Nan ne ɗan Java da ɗan Aceh da ɗan Papua suke karanta labari ɗaya, kuma duk gwamnatin da ta zo ta san haka.

Turawan Holan ma sun sani. A 1908 suka kafa wani kwamiti na samar wa talakawa abin karantawa, wanda a 1917 ya zama maɗaba'ar Balai Pustaka. Mai karatun Hausa ba zai ga abin baƙo ba: kusan irin aikin da hukumar talifi ta Zariya ta yi ne a zamanin Rupert East, wadda gasarta ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Gwamnatin mulkin mallaka ce ke buga littafin, ita ke raba shi a ɗakunan karatu na makarantu, ita kuma ke yanke abin da bai kamata a faɗa ba. Balai Pustaka ta yarda marubuci ya soki al'ada, ya soki auren dole, ya soki tsofaffi masu taurin kai. Abin da ba ta yarda ba shi ne ya soki Holan.

Littafin da ya fi nuna wannan shi ne Sitti Nurbaya na Marah Rusli, wanda ya fito a 1922. Har gobe idan iyaye suka matsa wa yarinya a kan miji, akan ce musu ai yanzu ba zamanin Siti Nurbaya ba ne. Sunan ya zama karin magana. Kowane ɗan makaranta ya san taƙaitaccen labarin: yarinya 'yar Padang tana son saurayinta Samsulbahri, sai wani tsohon attajiri mai mugun hali, Datuk Maringgih, ya karya kasuwancin mahaifinta, ya ɗaure shi da bashi, ita kuma ta amince ta aure shi don kada a kai uban kurkuku. Daga baya ya sa aka ba ta guba. Darasin da ake cirowa shi ne auren dole ba shi da kyau, kwaɗayi ma haka.

To amma wanda ya karanta littafin har ƙarshe zai ci karo da abin da taƙaitawar ba ta cika tsayawa a kai ba. Samsulbahri, jarumin labarin, ya shiga sojan Holan. Mugun, Datuk Maringgih, shi ne ya shiga sahun gaba na boren da mutanen yankin suka yi wa sabon harajin Turawa. A fagen wannan faɗa ne jarumi, sanye da kakin 'yan mulkin mallaka, ya kashe shi. Ga tambaya mai nauyi ga ɗalibin shekara 16: yaya aka yi mai adawa da Turawa ya zama mugu, mai yi musu aiki ya zama gwarzo, kuma wa ya buga littafin? Wannan tambaya tana koyar da tarihi da tunani fiye da jimlar "auren dole ba kyau". Sai dai ba ta shiga akwatin da littafin aji ya tanada.

Akwatin amanat

Akwatin yana da suna. A darasin adabi na Indonesiya ana koya wa yaro ya rarraba labari gida-gida: jigo, taurari, zubi, wuri da lokaci, mahangar mai ba da labari, sai na ƙarshe, amanat. Kalmar 'yar'uwar amana ce tamu, daga Larabci, kuma ana nufin saƙon da marubuci ya damƙa wa mai karatu. Shafin littafin aji yakan zo da yanki na labari, sakin layi biyar ko shafi biyu, a ƙasa kuma tambayoyi, ta ƙarshensu kusan kullum ita ce: mene ne amanat ɗin wannan labari? A jarrabawar ƙasa, kafin a soke ta a 2021, tambayar takan zo da amsoshi a jere, yaro ya zaɓi ɗaya ya cike da fensir.

Ga tatsuniya abin yana tafiya daidai. Malin Kundang, yaron da ya tafi fatauci ya yi arziki ya dawo ya ƙi amincewa da tsohuwar uwarsa a gaban matarsa, uwar ta yi masa baki ya zama dutse: amanat ɗin a fili yake, kuma a bakin tekun Air Manis kusa da Padang akwai dutse mai siffar mutum a durƙushe da ake nuna wa yara. Babu Bahaushen da zai musa wannan darasi.

Amma a gwada akwatin a kan Robohnya Surau Kami na A.A. Navis, gajeren labari na shekarun 1950 da aka daɗe ana sawa a littattafan sakandare. Wani dattijo ne mai kula da ƙaramin masallacin ƙauye, ya ƙarar da rayuwarsa cikin ibada. Sai wani mai yawan ba'a, Ajo Sidi, ya ba shi labarin wani Haji Saleh da aka tura wuta ranar hisabi, duk da sallarsa da azuminsa, saboda ya bar iyalinsa cikin talauci, ya bar arzikin ƙasarsa baƙi na kwasa, shi yana can yana neman aljannar kansa. Labarin ya shiga zuciyar dattijon har ya kashe kansa. Masallacin ya koma kango, mata suna ɓalle katakonsa suna hura wuta. Amsar da ake jira ita ce mutum ya haɗa duniya da lahira. Ba ƙarya ba ce. Amma ina alhakin Ajo Sidi, wanda da ya ji rasuwar ya ba da saƙon a sayi likkafani ya wuce wurin aikinsa? Ina na mutanen ƙauyen da suka bar tsoho shi kaɗai da tunaninsa? Labarin yana da ƙaya, akwatin kuma yana cire ta kafin yaro ya taɓa.

Mawaƙi Taufiq Ismail ya ba wannan cuta suna tun 1997. Ya tambayi waɗanda suka gama sakandare a ƙasashe 13 yawan littattafan adabi da aka wajabta musu karantawa daga bango zuwa bango. A wasu ƙasashen biyar ne ko shida, a wasu fiye da ashirin. A babbar makarantar zamanin Holan a Indonesiya kanta, har 25 cikin shekara uku. A Indonesiya mai 'yanci: sifiri. Ya kira su 'yan zamanin littafi sifiri, masu dundumin karatu da gurguntar rubutu. Yaro zai iya gaya maka sunan marubuci, shekarar bugu da rukunin da yake ciki, bai taɓa riƙe littafin a hannu ba.

Tarbiyya a jere

A daidai wannan lokaci kuma maganar tarbiyya sai ƙara yawa take a takarda. Zamanin shugaba Suharto an yi darasin ɗa'a na Pancasila, wato ginshiƙai biyar na ƙasar, ana haddacewa kamar karatun allo. A 2010 ma'aikatar ilimi ta fitar da halaye 18 da ake son dasawa a zuciyar ɗalibi: riƙon addini, gaskiya, haƙuri da bambanci, ladabi, ƙwazo, kishin ƙasa, son karatu, kula da muhalli, da sauransu. A 2015 aka yi dokar karatun minti 15 kafin a fara darasi. A 2017 aka yi dokar shugaban ƙasa mai lamba 87 kan ƙarfafa tarbiyya, ma'aikatar kuma ta tattara halayen zuwa manya guda biyar, ciki har da gotong royong, wanda shi ne aikin gayya a wurinmu. Manhajar Merdeka ta 2022 ta zo da siffofi shida na ɗalibin Pancasila, ɗaya daga ciki shi ne tunani mai bin diddigi.

Duk lokacin da aka fitar da sabon jeri, sai marubuta littattafan aji da ɗaliban jami'a su bi labarai suna ƙirga: wannan sakin layi yana nuna gaskiya, wancan yana nuna ƙwazo. An mai da adabi kamar buhun hatsi da ake aunawa da mudu. Sakamakon karatu kuwa bai bi ba. A gwajin ƙasa da ƙasa na PISA, na 'yan shekara 15, makin Indonesiya a fahimtar karatu ya sauko daga 371 a 2018 zuwa 359 a 2022. Annobar korona tana da hannu a wannan faɗuwa, kamar a yawancin ƙasashe, amma ko kafin ta makin a ƙasa yake.

Wannan gurbi shirin 2024 ya zo cikewa, kuma a ganina niyyar daidai ce. Maimakon yanki, a ba yaro littafi sukutum. Maimakon a tsare adabi a darasin harshe, malamin tarihi ko na zamantakewa ma ya ɗauka. An gayyaci marubuta na gaske su zaɓo littattafan, ciki har da Eka Kurniawan da Okky Madasari. Kuma zaɓin ya nuna ƙarfin hali, domin a jerin babbar sakandare akwai Bumi Manusia na Pramoedya Ananta Toer.

Sai an san tarihin wannan littafi za a gane girman abin. An kama Pramoedya a 1965, bayan yunƙurin juyin mulkin da aka ɗora wa jam'iyyar kwaminis, wanda ya biyo da kisan mutane da ake ƙiyasta sun kai rabin miliyan ko fiye. Shi jigo ne a Lekra, ƙungiyar masu fasaha da ke kusa da jam'iyyar. Ba a taɓa kai shi kotu ba. Daga 1969 aka tsare shi a tsibirin Buru, inda da farko babu takarda babu alƙalami, sai ya riƙa ba 'yan'uwansa fursunoni labarin da baki. An sake shi a ƙarshen 1979, littafin ya fito a 1980, babban lauyan gwamnati ya haramta shi a 1981. A ƙarshen shekarun 1980 an ɗaure wasu matasa a Yogyakarta shekaru masu yawa, laifinsu har da sayar da littattafansa. Sai a 2010 kotun tsarin mulki ta karɓe wa ofishin babban lauyan ikon haramta littafi ba tare da hukuncin kotu ba. (Abin mamaki, Taufiq Ismail da ya yi kukan littafi sifiri yana cikin marubutan da suka yi adawa da ba Pramoedya lambar yabo ta Magsaysay a 1995, saboda tsohuwar gabar zamanin Lekra. Masu son a yi karatu ma ba bakinsu ɗaya ba a kan abin da za a karanta.)

Cikin littafin akwai Nyai Ontosoroh, wadda mahaifinta ya miƙa wa wani Baturen Holan tana 'yar shekara 14 don ya samu ƙarin matsayi a kamfanin sukari. Ta zama ƙwarƙwara, wadda al'umma ke kallo a matsayin mace marar mutunci. Ta koyi karatu, ta koyi lissafin kasuwanci, ta riƙe gona da kamfani, ta fi duk mazan labarin tsayuwa a kan gaskiya. A ƙarshe kotun Turawa ta ƙi amincewa da auren Musulunci da 'yarta Annelies ta yi da Minke, jarumin labarin, ta ƙi amincewa ita ce uwar yarinyar a doka, aka ɗauke yarinyar zuwa Holan. Sun yi shari'a sun faɗi. Wane hali daga cikin 18 za a liƙa wa wannan mata? Wace amsa daga A zuwa E? Ɗalibin da ya yi mako uku tare da ita zai fito da wani abu game da mutunci da zalunci, amma ba abin da zai shiga layi ɗaya ba ne.

Inda aka yi tuntuɓe

Suka ta zo daga ɓangare biyu da ba su saba haɗuwa ba.

Na farko marubuta ne. Mawaƙi kuma mai sharhi Nirwan Dewanto ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana cewa jagoran cike yake da kurakurai na bayani da na rubutu, bai cancanci a kai shi gaban malamai ba, ya kuma nemi a cire littafin waƙoƙinsa daga jerin. Kuskuren da ya fi yawo a bakin mutane shi ne jagoran ya rubuta cewa Sutardji Calzoum Bachri ya rasu, alhali mutumin, wanda ake wa laƙabi da shugaban mawaƙan Indonesiya, yana nan da ransa. Marubutan da suka zaɓo littattafan suka ce su jerin suka yi, ba su suka rubuta jagoran ba. Aikin ya rabu hannu biyu, kuma ga alama babu edita ɗaya mai kaifin ido da ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe. An so a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu ƙungiyoyin addini da na iyaye ne. Sashen ilimi na Muhammadiyah, ƙungiyar Musulmi da aka kafa a 1912 mai dubban makarantu a faɗin ƙasar, ya nemi a janye jagoran, yana cewa wasu littattafan suna ɗauke da batsa da tashin hankali da alaƙoƙin da suka saɓa wa addini da ɗabi'a. Wata ƙungiya mai suna NU Circle ta yi irin wannan kuka. A nan ma jagoran ne ya ba su makami. An sa wa littattafan bayanin gargaɗi, ana nuna wa malami wuraren da ke da kalmomi masu nauyi ko fage na jima'i ko duka. Niyyar ita ce malami ya shirya. Abin da ya faru shi ne an tsamo waɗannan layuka daga cikin ɗaruruwan shafuka, aka jera su wuri ɗaya, aka ɗauki hotonsu aka watsa a wayoyi. Uban da ya ga wannan a WhatsApp bai ga labari ba, ya ga jerin kalmomin da ba zai so 'yarsa ta furta ba, da hatimin ma'aikatar ilimi a sama.

Ban ga laifin wannan uba ba. Wasu daga cikin littattafan adabin Indonesiya na bayan saukar Suharto a 1998 suna magana a kan jiki da fyaɗe ƙarara, kuma tambayar ko ɗan shekara 15 ya isa ya karanta su tambaya ce ta gaskiya, ba ta masu ƙin ci gaba kaɗai ba. Abin lura shi ne, masu gargaɗin da masu suka duk hanyar littafin aji suka bi: a yanko yanki, a auna shi shi kaɗai, a yanke hukunci. Wanda ya saba neman sakin layi mai nuna gaskiya, da sauƙi zai koma neman sakin layi mai nuna fasadi. Fagen fyaɗe a cikin labarin da ke la'antar fyaɗe, idan aka cire shi daga mahallinsa, ba shi da bambanci da batsa.

Anindito Aditomo, shugaban hukumar da ke kula da manhaja a ma'aikatar a lokacin, ya amsa cewa akwai kurakurai, an janye jagoran, za a sake duba jerin, ya kuma jaddada cewa ba a wajabta wa kowane malami amfani da littattafan ba. Wannan magana ta kwantar da ƙura, amma ta fito da raunin shirin tun asali. Idan ba wajibi ba ne, nauyin ya koma kan malama guda a wani gari a Sulawesi ko Kalimantan, wadda ita kanta 'yar zamanin littafi sifiri ce. Ita za ta nemo kwafi talatin, ita za ta karanta shafi ɗari biyar bayan ta tashi daga aiki, ita za ta tsaya gaban shugaban makaranta da kwamitin iyaye idan wani ya kawo ƙara. Bayan abin da ta gani ya faru da ma'aikatar kanta, da wuya ta zaɓi Nyai Ontosoroh. Malin Kundang ba ya jawo wa kowa takardar tuhuma.

A Oktoban 2024 Prabowo Subianto ya karɓi mulki, aka raba ma'aikatar gida uku, aka ba Abdul Mu'ti, babban sakataren Muhammadiyah, ilimin firamare da sakandare. A ƙarshen Disamba ya ƙaddamar da nasa shirin tarbiyyar, ɗabi'u bakwai na yaron Indonesiya nagari: tashi da wuri, ibada, motsa jiki, cin abinci mai gina jiki, son koyo, cuɗanya da jama'a, da kwanciya da wuri. A Fabrairun 2025 aka yi bikin cika shekara ɗari da haihuwar Pramoedya a garinsu, Blora. An shirya sa wa wani titi sunansa a cikin bikin, wata ƙungiyar matasa ta ce ba ta yarda ba, aka ɗage.